Shinkafar Sivyo da Mutum na Goma

Taubashina Nisim wanzami ne a unguwarmu ta Yahudawan Bukhara, mai hancin da ke riga shi shiga ɗaki da rabin sa'a. Tun da matarsa Sivyo ta rasu ya daina surutu, har masu zuwa aski suka fara kewar ƙaryarsa.

Ranar da ta shekara da rasuwa, burinsa ɗaya: ya karanta mata Kaddish, addu'ar mamaci da ba a yi sai maza goma sun hallara. A da, in ka yi atishawa a lungunmu mutum ɗari ke amsawa. Yanzu jirgi ya kwashe kowa zuwa ƙasashen waje, ƙofofi duk kwaɗo. Da yamma Nisim ya ƙirga baƙinsa har da kansa, ya sake ƙirgawa: tara.

Mullo Gavriel, tsohon malaminmu, wanda gemunsa ya girmi ganuwar gari, yana gefe yana kurɓar shayi.

"Mullo, ba yadda za a yi?"

"Da ana lissafi da hanci, ɗana, da mun kai sha biyu. Amma ga Pinhas a bayan katangarka."

"Wannan? Rabonsa da addu'a tun kaciyarsa! Tare muka nemi Sivyo na kayar da shi, ko gaisawa ba ma yi."

"Maza goma aka ce, ba masoya goma ba. Jeka ɗora shinkafarta, ka bar taga a buɗe."

Nisim ya cusa shinkafa da hanta da ganye a jakar ƙyalle yadda ya ga tana yi, ya jefa a tukunya, ya manta bai ƙara ruwa ba. Ƙauri ya tashi, tantabaru suka yi ƙaura.

Sai ga Pinhas ya faɗo da takalmi wari ɗaya.

"Kai, mai hanci! Wannan wulaƙanci ne! Ƙamshin shinkafar Sivyo kan tsallako katanga duk daren Asabar, ina zaune ina cin gurasata gaya, ina..."

Mullo ya miƙa hannu ya ɗora masa hula. "Goma."

Nisim ya karanta addu'ar. Duk inda ake amsa amin, ta Pinhas ce ke zuwa a makare, ita ce kuma ta fi daɗewa a ɗakin.

Bayan nan su biyun suka zauna kan ƙonanniyar shinkafar, kwano ɗaya, babu mai kallon wani.

"Gobe ka zo in rage maka wannan dajin na kanka," in ji Nisim.

"Ba na so," in ji Pinhas, yana ƙara loma. "Tagar dai, ka riƙa barinta a buɗe."