Kanta Ta Goma Sha Bakwai

Baba Kati ake ce masa, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsaron durowoyin katuna a laburaren jami'a. Gajere ne, ga tabarau ɗaure da zare, ga fensir a bayan kunne. Ko launin bangon littafi kawai ka tuna, sai ya ce, "Biyo ni," yana jan ƙafarsa ta hagu har gaban kantar. Amma ransa yana ɗakin ƙasa, inda kundayen digiri suke, dubu uku da ɗoriya, yawancinsu bugun tafireta, kowanne kwafi ɗaya tak.

Da sababbin manhajojin bincike suka zo, bai yi musu ƙyashi ba. 'Yarsa ce ta nuna masa a waya. Ta rubuta tambaya, kafin ya gyara tabarau an jero maƙala ashirin.

"Kai! Wannan aljanin ya fi ni ƙafa," in ji shi, yana dariya.

Ana nan sai sabuwar shugabar laburare ta ce ana son ɗakin ƙasa, za a zuba kwamfutoci. Dokarta ba wuya: a rubuta sunan kundi a manhaja, in ya fito yana intanet ke nan, sai a fitar da na takarda.

Baba Kati ya gwada biyar, duk suka fito. Ya danna, ya sake dannawa: suna, marubuci, shekara, shi ke nan. Ashe jerin sunayen da shi da kansa ya buga shekarun baya manhajar take karantowa.

Ya hau bene wajen shugabar yana haki.

"Ranki ya daɗe, sunan kawai manhajar ta sani. Cikin babu."

"Baba, dannawar ce ba ka iya ba," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wata nawa ya rage ka yi ritaya?"

"Huɗu."

"To ka huta mana."

Ya rubuta takardar ƙorafi, shiru. Ranar da motar masu sayen tsohuwar takarda ta zo, shi aka sa ya buɗe ƙofa, tunda mabuɗin yana hannunsa. Kundi goma sha ɗaya ya samu ya tura ƙarƙashin teburinsa, iyakar abin da wurin ya ɗauka.

Saura mako biyu ya tafi, wata mai neman digiri na uku ta iso daga nesa, jakarta a kafaɗa.

"Sannu da aiki, Baba. Manhaja ta ce kuna da wani kundi kan rijiyoyin da suka ƙafe, na shekara arba'in baya. Ba wanda ya auna ruwan a lokacin sai mai shi. Aikina duk a kansa ya rataya."

Ya san shi sarai: koren bango, kanta ta goma sha bakwai. Ya kuma san ba ya cikin goma sha ɗayan nan, amma ya durƙusa ya duba har sau biyu. Da ya miƙe, bakinsa ya riga shi: "Biyo ni."

Suka sauka. Ba kanta ko ɗaya, sai kwamfutoci a jere, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Ya tsaya daidai inda ta goma sha bakwai take a da. Can ya koma durowa, ya zaro katin kundin ya miƙa mata.

Ta duba katin, ta duba wayarta.

"Baba, ai wannan shi ne a wayata."

"Na sani, 'yata," ya ce. "Ni na rubuta."