Shekara Shida Bayan Yaya Lawal, Ramukan Kwamfuta Sun Ragu

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Lawal makwancinsa, ya bar mani shagonsa na buga takardu da rajistar jarrabawa a Ƙofar Kaura. Allah Ya jiƙansa. Na so in rubuta wannan cikin sanyin rai, amma raina a ɓace yake.

A zamaninsa laftof ɗin shagon ramukan jona kaya biyu gare ta, ga firinta, ga kamara, ga linzamin kwamfuta, ga na'urar ɗaukar zanen yatsa. Sai ya jona hob, ɗan akwatin nan mai ƙara ramuka, ya jona wani a jikinsa, wani lokaci har na uku. Kullum da safe kafin ya karɓi kowa sai ya bi su yana gwadawa. Ya soka kamara a na ƙarshe, ya duba, ya zare, ya matso da ita gaba. Ya kan ce wuta raguwa take tana tafiya, don haka na'urar yatsa dole ta zauna kusa da kwamfuta, firinta mai wutar kanta ta koma can baya, hob mai caja kuma a tsakiya. Mutane na jira a benci suna tsaki, shi ko a jikinsa.

Yau fa? Sabuwar laftof ɗinmu rami ɗaya tak gare ta, ɗan mitsitsi, wai ci gaba. Komai na shago a kansa ya rataya. Hob kuwa ya cika kasuwa, kwali mai ƙyalli, ciki fanko. Na kan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya gani, shi da ko kebul bai yarda da shi ba sai ya ga aikinsa.

A bana, ranar da za a rufe rajistar jarrabawa, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone hob mai cajar da Yaya ya bari. Na ruga kasuwa na sayo sababbi a wani kanti. Kafin in dawo wani dattijo, Malam Isiyaku, ya iso daga ƙauye da ɗiyarsa Hassana, ita ce ta farko a gidansu da ta gama sakandare. Na jera kayan yadda Yaya ke jerawa. In kamara ta kama, na'urar yatsa ta ɓace. In na'urar yatsa ta dawo, linzami ya daskare. Na sauya, na sake sauyawa, gumi na zuba. Hassana na zaune, babban yatsanta a miƙe, tana jira.

"Malam, ko hannun nata ne?" in ji uban.

"Wallahi ba hannunta ba ne, Baba. Kayana ne."

Na ɗora uban da ɗiyar a kan babur zuwa shagon wani abokina a Ƙofar Durbi. Layi har titi. Kafin a zo kanta shafin rajistar ya rufe. Dattijon bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi, "Allah Ya kai mu baɗi." Har yau ban sake ganinsu ba.

Da na mayar wa mai kantin kayansa, dariya ya yi. "Ai haka suke zuwa, Malam, mu ma ba mu muka ƙera ba."

Tun daga nan ba na sayen ko ɗaya sai na kwashi laftof da kamara da na'urar yatsa, na baje su a kan teburin mai kanti, na jona hob a kan hob a gabansa. Masu kanti na jin haushina, ni ma ina jin nasu. Makon jiya ina cikin wannan gwaji sai wani tsohon ɗan kasuwa da ban sani ba ya tsaya yana kallon hannuna. Can ya juya ga mai kantin.

"Ɗauko mashi na kirkin da ke ƙasan kanta. Wanga ƙanen Lawal ne."

Ashe akwai na kirkin. Yaya bai bar gida ba, bai bar fili ba, amma shekara shida a cikin ƙasa, sunansa ne har yanzu ke sa a fito da su.