Tabon Shayi a Saman Kwamfuta

A layin masu gyara, wata dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci ta rungume tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya. Ta kwashe kayan cikin kwamfutar tas, tana cusa siririn gilashin allo da sabon inji, leɓe a cije. A saman akwatin akwai zagayen tabon kofin shayi, wataƙila na marigayi mijinta ne.

Maƙwabcin rumfarta ya leƙo da tsumma. "Inna, kawo in goge, a fesa mata fenti."

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Ciki na ce zan canza, ɗan nan. Wanda ya taɓa tabon nan, da ni zai yi."

Ta danna tsohon maɓallin, gilashin ya kawo haske.