Faifan Kaka a Nakkasa

A unguwar Nakkasa ta Makka na girma, a wani ɗaki can saman dutse. Bayan magariba Kaka takan hura gawayi ta ɗora shayi, ta jawo robar da ta jiƙa ganyen dabino tun safe. Kullum sai ta yi mitar cewa bai kai kabar garinsu laushi ba, amma shi ta samu a Makka. Da farce take tsaga shi siri-siri. Wani ta rina da lalle, wani da zoɓo, sannan ta ɗauki basilla ta fara ɗinkin faifai daga cibiya, tana zagayawa. Hannunta duk ya tsattsage.

Sai ɗinki ya kama hanya take cewa, "Yalla, ku matso, ga ta nan tafe."

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan ba mu. Wata mata ce a bakin rafi, ba ta da kowa, sai bishiyar goriba. Da kabar take saƙa tabarmi da rufin bukkarta. Duk damina ruwa ya zo ya kwashe komai, ita kuma ta sake. Shekara ta bakwai ta zauna cikin laka ta ce ta gaji, ko tsinke ba za ta ƙara taɓawa ba. Kwana uku tana zaune. Sai goriba ta sako mata ganye ɗaya a cinya. Matar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tsaga shi.

"Sai me, Kaka?"

"Halas, shi ke nan. Ta tashi."

"Ba ta samu zinariya ba?"

"Wace zinariya, 'yar nan? Ruwa ma ya dawo baɗi."

Haushi nake ji, in ce wannan ai ba tatsuniya ba ce.

Kaka ta rasu kafin a rushe layinmu. Ni na ga rusau ɗin, da 'ya'ya biyu, ba iƙama, takardar izinin zama. Sau uku muna ƙaura kafin mu samu ɗaki a unguwar Utaibiyya. Lokacin Hajji ina wanke tukwane a Arfa har bayana ya ƙage.

Yanzu na gane ba alkawarin sauƙi take mana ba. Ta san me ke jiranmu, kuma ba ta iya yi wa jikokinta ƙarya ba. Wata safiyar nakan zauna bakin katifa in ce yau kam ba zan iya ba. Sai ƙaramar ta motsa, ta ce, "Ummi, shayi." In laluba takalmina.