Ranar Da Na Wanke Rigar Farautar Kaka

Kwanson harsashi ne ya jawo duk wannan rubutun. Ina ɗakin wanki na ƙasan benenmu a nan unguwar Parkchester ta ƙasar Turawa, na jefa jakit ɗin maigidana a injin busarwa, sai na ji wani abu yana ƙaf-ƙaf-ƙaf a ciki. Na buɗe, ga shi nan, ja, fanko, da ɗuminsa. Ranar Asabar maigidan nawa ya bi wani abokin aikinsa ɗan Ghana farautar barewa can arewacin jihar, tun daga ranar ba mu da wata hira sai ta bindiga. Lasin yake so ya nema, kuma ɗaya tak zai saya, wadda za ta yi farauta ta kuma tsare gida. Kullum yana kan waya yana kallon Turawa suna musu a kan lambobin harsashi, wannan ya fi fasa ƙashi, wancan ya fi sauƙin samu.

"Madam, ke fa jikar maharbi ce. Wanne kika gani?"

Sai in ce masa abinci zai huce. Gaskiyar kuwa, akwai abin da na yi ina 'yar shekara tara, ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma akwai mutumin da yake ɗingishi saboda shi har yau.

A Kano na taso, amma duk dogon hutu ana kai ni ƙauye wurin kakana na wajen uba. Tsakiyar damina ke nan, dawa ta fi mutum tsawo, gari duk ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin ɗanyen itace. Kaka maharbi ne, kuma irin wannan musun na maigidana shi da Baffa, ƙanen babana, sun yi shi tun kafin in yi wayo. Bindiga ɗaya gidan zai iya mallaka. Baffa yana son doguwa mai harsashi guda mai tsini, wadda ke kaiwa nesa. Kaka ya ce a'a, ka harbi zabon daji da wannan, gashi kawai za ka tsinta. Ya sayi mai baki ɗaya, lamba goma sha biyu. Hujjarsa ita ce bakinta ɗaya ne amma ba ta zaɓen abinci: ka ba ta ƙananan ƙwayoyi ta kawo maka tsuntsu, ka ba ta manya ta kayar da babban naman daji ko ɓarawo.

Ta kuwa taɓa kayarwa. Wata ranar kasuwa da rana tsaka, maza duk sun tafi, mutum uku suka shigo kwance shanu da adduna. Kaka ya harbi na gaba a cinya daga bakin rumbu. 'Yan uwansa suka ja shi cikin dawa, jininsa ya yi layi har rafi. Da na zo hutu yara suka kai ni suka nuna mini ramukan da suka rage a jikin turke.

Sabon harsashi tsada, don haka Kaka ba ya yar da kwanso, sake cika shi yake yi da kansa. Duk jajaye ne, duk iri ɗaya a ido. Abin da ya raba su aljihu ne kawai. Yana da wata rigar farauta mai layu, aljihun hagu na tsuntsaye, na dama na abin da zai iya kashe ka. Ba ya dubawa, hannunsa ne ya sani. Kowa a gidan ya san haka, kamar yadda kowa ya san rigar farauta ba a wanke ta, don warin sabulu yana korar nama. Ni 'yar birni ba wanda ya ga dalilin gaya mini.

Rigar tana rataye a zaure, ta yi baƙi ƙirin da jini da gumi, wari kamar mushe. Kaka yana tsokanata da amaryarsa, kullum yana cewa amarya ba ta iya komai ba sai cin ƙwai. To sai na ce bari in nuna masa. Na zazzage aljihunan a faifai, na dirje rigar da sabulun da Mama ta sa mini a jaka, na shanya a bayan rumbu. Da ta bushe na raba harsasan daidai, biyar nan, biyar can, ina jin daɗin kaina.

Bai doke ni ba. Ya shinshina rigar ya ce, "Amarya, kin sake ni ke nan." Fuskarsa dai ba dariya. Ya ɗauke ta ya je ya turara ta da hayaƙin kashin shanu, yana ta faɗa shi kaɗai. Hankalinsa duk yana kan warin. Na ga ya taɓa aljihunan ta waje, ya ji su a cike, ya wuce. Na buɗe baki zan ce na taɓa su, tsoro ya hana ni.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, na kai wa Kaka da Baffa fura gonar gyaɗa. Wani mugun dawa, aladen dajin nan mai haure, ya yi sati yana tone musu gyaɗa, ranar kuma kare ya gano shi cikin wani kurmi a gefen gona. Kaka ya ce in hau kan wani dutse da ke wurin kar in sauko. Baffa ya zagaya da sanda yana dukan ciyawa don ya koro shi.

Mugun dawan ya fito kamar an harbo turmi. Kaka ya sa hannu a dama, ya ɗana, ya harba. Ƙarar ma ba ta yi nauyi ba. Ƙananan ƙwayoyin suka watsu a fuskar dabbar, ido ɗaya ya fashe, jini ya rufe masa hanci, amma ko durƙusawa bai yi ba. Kare ya tare shi, mugun dawan ya ɗaga karen sama da haure ɗaya, hanjin karen ya zubo tun kafin ya faɗo ƙasa. Sai ya juya kan Baffa.

Na ji ƙarar da sandar ta yi da ta karye. Baffa ya faɗi, mugun dawan ya soka masa haure a bayan gwiwa ya farke har cinya, yana girgiza kai kamar mai yage buhu. Baffa yana ihu, "Baba! Baba, harbe shi!" Kaka ya sake sa hannu a dama, ya harba. Na tsuntsaye ne kuma. Wasu ƙwayoyin ma a jikin Baffa suka shiga. A na uku Kaka ya tako da gudu, tsoho da shi, ya ɗora bakin bindigar a kunnen dabbar. Wannan karon babba ne. Rabin kan ya tashi, ƙwaƙwalwa har kan ganyen gyaɗa.

Ni ina kan dutse, fitsari yana bin ƙafata, ƙwaryar fura tana hannuna ban ma ajiye ba. Kaka ya cire rawaninsa ya ɗaure cinyar, farin ƙyallen ya koma ja nan take. A amalanke aka kai Baffa bakin titi, yana suma yana farfaɗowa.

Ƙafar ba a yanke ba, amma jijiya ta tsinke, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Da mutane suka zo jaje, Kaka ya ce tsufa ne, hannunsa ya ɓata aljihu. Abokansa maharba suka riƙa ce masa sarkin zabi, yana murmushi. Bai ƙara shiga daji ba har ya rasu bayan shekara huɗu. Ni kuma na bar shi ya ɗauki laifin.

A kan bencin ɗakin wankin nan, injina suna ta juyi, na danna waya na yi wa Baffa saƙon murya. Sau uku ina gogewa. Na huɗun na faɗi komai, na tura kafin in sake tunani.

Sai washegari, ina cikin jirgin ƙasa mai lamba 6 zan tafi aiki, amsa ta shigo. Muryarsa ta tsufa, ana jin awaki a bayansa.

"Ɗiyata, ai ranar da yamma tsohon ya farke sauran harsasan ya gani. Ya zo asibiti ya ce in na bari kika ji, bai yafe mini ba. Ba zan ɓoye miki ba, na yi shekara biyu ba na son ganin fuskarki. Da kika zo hutu nakan tafi gona da wuri. Daga baya ya wuce." Ya yi tari. "Yarinya ta wanke wa kakanta riga, ina laifi? Mu ne ba mu gaya miki ba."

Na wuce tashata har da biyu.

Yanzu a nan komai a rubuce yake a jikin kwali, lamba da nauyi da abin da aka yi shi dominsa, ba mai dogara da aljihu. Amma bangon ɗakinmu, in maƙwabciya ta yi atishawa muna ji, kuma gadon 'yarta a jikinsa yake. Da daddare na zaunar da maigidana na ba shi labarin tun daga sabulu har amalanke. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Na ce in ya sayi bindigar, kowacce ce, duk wanda ke kwana a gidan sai an zaunar da shi an gaya masa me ke cikin me, har 'yarmu in ta yi wayo.

Baffa ya sake turo wani saƙon, gajere. Wai kurmin nan an sare shi, an yi shagunan cajin waya a wurin, rabon da a ga mugun dawa tun ina can. Wai in na tashi zuwa in taho masa da sandar dogarawa irin ta Turawa, mai roba a ƙasa, ta icen tana zamewa a tayil ɗin masallaci.