Takabar da Inna ta yi a makare

Shekarun baya, ciwon mantuwa ya kama mahaifiyata a gidanmu na Gwaram, har takan kira ni da sunan ƙaninta. Ana cikin haka Baba ya rasu. Mun faɗa mata, ta sha kuka, kafin la'asar ta manta. Sai muka koma ce mata ya tafi kasuwar Sara. Shekara guda cur bawan Allah yana cin kasuwa.

Da ma ni ne mai rawar kan gidan, ni na ɗauke ta zuwa asibiti a Birnin Kudu. Likita ya rubuta wani sabon magani na waɗanda ciwon ya yi nisa da su. Ya ce, "Malam, ba warkarwa yake yi ba fa. Wasu hankalinsu yakan ɗan dawo, wasu kuwa shiru." Ni dai rabin maganar kunnena ya ɗauka, na dawo gida ina ta cika baki.

Bayan wata biyu, ran nan da hantsi, ta dube ni ta kira sunana daidai. Murna kamar in yi tsalle. Sai ta ce, "Kai, ban ga buzun sallar babanku ba. Ya rasu ko?"

Na ce eh.

"Yaushe?"

"Bara, Inna."

"Na yi masa takaba?"

Na ce a'a.

A ranar ta cire 'yan kunne, ta ajiye kwalli, ta ce yau ta fara. Liman ya aiko cewa kwanakin sun riga sun wuce, babu komai a kanta. Ta ce a gaya wa liman ba shi ya zauna da mutumin nan shekara hamsin ba.

Yayata ta tare ni a zaure. "Ka ga abin da ka jawo? Da tana zamanta lafiya, yanzu kullum kuka. Ka daina ba ta maganin nan."

Na ce, "Haba Yaya, sai mu bar ta ba ta san kowa ba?"

"To da ta sani, me ta samu?"

Kowace safiya nakan tsaya da ƙwayar a hannu, ban sani ba ko gata nake mata ko cutar ta nake. Amma na ci gaba da ba ta.

Kafin wata huɗu da kwana goma su cika, hankalin ya sake tafiya. Yayar nan tawa mai faɗa ita ta ci gaba da ƙirga kwanakin. Ranar fita ta yi mata wanka, ta sa mata sabuwar atamfa, aka raba waina sadaka. Inna ta dubi matan da suka cika tsakar gida ta ce, "Bikin wa ake yi?"

Yayata ta ce, "Naki ne, Inna. Kin gama."

Inna ta rasu tuni, Allah ya jiƙansu duka. Har yau in wani mai jinya ya tambaye ni ko maganin ya yi mata amfani, sai in yi ta inda-inda. Abin da na sani kawai, a duniya ta ji mutuwar mijinta, kuma ni na jawo mata.