Oga Emeka ya tsaya mini

Jama'a, yau na yi hawaye a bainar jama'a!

Ma'aikatan rancen gwamnati na kanikawa suka zo duba garejina. Suka ce sai na kawo mai tsaya mini. Kawuna da ya yi alkawari ya kashe waya. Har sun tada mota za su tafi.

Sai ga Oga Emeka mai kayan gyaran mota, wanda muke gaba tun azumi kan wani batir.

Ya ce, "Ni zan tsaya masa."

Na ce, "Oga, ko gaisawa fa ba ma yi."

Ya ce, "Ranar da na sauka Daura ban san kowa ba, a zauren babanka na kwana. Allah jiƙan Malam. Miƙo biro."